Tafkin Gobero da ruwan da ya rage mana a Abzin

Wata rana ina koyar da darasin tarihi, sai na zana tafki a allo, na sa kada da dorina a bakinsa, na ce yara su faɗa mini inda wurin yake. Wasu suka ce kogin Kwara a Yamai, wani ya ce Tafkin Cadi. Da na ce a jiharmu ta Agadas ne, cikin Tenere, sai aji ya kaure da dariya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yau kuma tatsuniya za ka yi mana?" Ban ga laifinta ba. Ta tashi ta ga rairayi da duwatsu, babu kuma wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙasar nan ta yi wata kama dabam. Wannan dariyar ce ta sa na rubuta wa 'yan'uwana malamai da iyaye wannan bayani.

A shekarar 2000 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya zo da tawagarsa neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe. Cikin yawon nan suka yi kiciɓis da wata tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero. Bincike ya gano kaburbura kusan 200 a gefen abin da a da tafki ne. Mutanen farko sun zauna a can fiye da shekara 9,000 da suka wuce, masunta ne da mafarauta, sun bar ƙugiyoyi da masu na ƙashi, da ƙayar giwan ruwa, da ƙasusuwan kada da dorina. Fari ya kore su, wurin ya yi kusan shekara 1,000 babu kowa. Da ruwa ya dawo wasu mutane suka zo suka zauna, har ya ƙafe gaba ɗaya kimanin shekara 4,500 da suka wuce. A wani kabari an sami mace da yara biyu kwance suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. A wani kuma an sami yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtsenta.

Duwatsu ma sun ba da shaida. A Dabus, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse tun dubban shekaru, babban ya haura mita 5. Wanda ya yi wannan aiki ya daɗe yana kallon dabbar nan kusa da kusa, domin har zanen fatarta bai bari ba.

Ƙafewar Gobero sauyin yanayi ne, babu wanda za a tuhuma. Amma akwai asarar da aka yi a hannunmu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Agadas a watan Oktoba na 1850, ya kuma rubuta labarin zakuna a duwatsun Abzin. Yau babu zaki ko ɗaya. Mariri mai dogon ƙaho, wanda kakanninmu ke yin garkuwa da fatarsa, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji. Fari ya taimaka, amma bindiga da mota su ne suka gama da shi.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin tsayar da ɓarnar. A 1988 ta kafa gandun Abzin da Tenere, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 77,000. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, shekara ɗaya bayan haka kuma, saboda tawayen da ya ɓarke, aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari. A shekarun nan ne jiminar Abzin ta kusan ƙarewa. Sai a 2005 aka sa tafkunan dutse da dausayin Abzin ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971 don kare wurare masu ruwa. Tafkin Tabalak, wanda duk mai zuwa Tawa daga nan yake wucewa ta gefensa, shi ma ya shiga a wannan shekarar.

To, takarda ba ta kiwon barewa. Wanda zai kare ruwan nan gobe yana zaune a ajinmu yau, ɗanko a aljihu. Ban taɓa ganin yaro ya ji tausayin abin da bai san sunansa ba.

Na san Timiya da nisa, hanya ba ta da sauƙi, ba kowane uba ne zai iya kai ɗansa ya ga ruwan da ke zubowa daga dutse zuwa tafki ba. Amma koramar Telwa tana nan a bakin gari. Bayan damina, idan ruwa ya kwanta a kududdufai, tafiyar awa ɗaya da sanyin safiya tsakanin lambuna da goriba ta isa darasi. Ba a bukatar kuɗi, sai takalmi, da gorar ruwa, da littafi da fensir. A bar ɗanko a gida. A yi tafiya a hankali, a zauna shiru a inuwa, tsuntsaye za su zo da kansu: balbela, zalɓe, kurciya, tsattsewa, da shamuwa idan ba ta riga ta koma kudu ba. Yaro ya rubuta abin da ya gani, ya tambayi mai lambu sunansa da Hausa da kuma harshen Abzinawa. Wanda tafiya ta bi da shi ta Tabalak lokacin sanyi, ya roƙi direba minti goma, ya nuna wa yara agwagin ruwa da tsuntsayen da suka ƙetaro sahara daga Turai.

Gargaɗi ɗaya: kada a shiga cikin korama idan akwai hadari a kan duwatsu, ko da a gari rana ake ƙwallawa. Ruwan Telwa daga nesa yake tasowa, ba ya sallama. Duk wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2009 da gidajen da ta rusa a Agadas ya san abin da nake nufi.

Da damina ta wuce na fita da ajin nan, bayan iyaye sun yarda, wasu biyu ma suka raka mu. Yarinyar da ta ce tatsuniya nake yi ta ƙirga tsuntsaye iri bakwai. A hanyar dawowa ta tsugunna ta ɗebi yashi mai laima a hannu, ta ce, "Malam, wannan ruwan shi ma zai tafi kamar na Gobero?" Na ce mata damina a hannun Allah take, amma sare itatuwan bakin korama, da zubar da leda, da harbin tsuntsaye, waɗannan a hannunmu suke. Washegari ta kawo mini ɗankon ƙanenta ta ce in ajiye a aljihun tebur.