Tsirkiyar Ƙarfe a Raket ɗin Tanis: Tarihinta, Dalilin Watsi da Ita da Abin da Ya Dace da Filayen Jos

Tsirkiya ita ce zaren da ake saƙawa a fuskar raket ɗin wasan tanis, kuma ita kaɗai ce ke haɗuwa da ƙwallo a lokacin bugu. Haɗuwar ba ta wuce kimanin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, amma a ɗan wannan lokaci ne ake yanke saurin ƙwallo, juyawarta da kuma inda za ta sauka. A tarihin wasan an yi tsirkiya da hanjin dabbobi, da nailan, da foliyesta, an kuma taɓa yin ta da wayar ƙarfe. Ta ƙarfen ce ta fi kowacce ƙarko, amma duk da haka ba a ganin ta a manyan gasanni a yau. Sanin dalilin hakan na da amfani ga masu horarwa, makarantu da iyayen yara, musamman a Jos, babban birnin Jihar Filato, inda tsayin ƙasa ke sauya yadda ƙwallo ke tafiya.

Asalin tsirkiya

Wasan tanis na zamani ya samo asali ne daga Ingila, inda Manjo Walter Wingfield ya yi rajistar nasa salon wasan a shekarar 1874, aka kuma fara gasar Wimbledon a 1877. A shekarar 1875 Pierre Babolat na birnin Lyon a Faransa, wanda kamfaninsa ke sarrafa hanjin dabbobi don kayan kiɗa, ya fara yin tsirkiyar raket da hanji. Da hanjin tumaki aka fara, daga baya aka koma na shanu saboda ya fi tsawo da ƙwari. Raket guda na cin tsirkiya mai tsawon kimanin mita 12, wadda ke buƙatar hanjin shanu biyu zuwa uku.

Har yau tsirkiyar hanji ce ta fi laushi a hannu, ita ce kuma ta fi daɗewa ba ta saki ɗaurinta ba. Sai dai tana da tsada, kuma danshi na lalata ta. A wancan zamani firam ɗin raket ma na katako ne, wanda ke karkacewa idan ya sha laima, dalilin da ya sa ake matse shi a cikin maƙalli bayan an tashi daga wasa. Waɗannan matsaloli biyu ne suka sa masu ƙira suka juya ga ƙarfe.

Zamanin wayar ƙarfe

A shekarar 1922 William Larned, wanda ya lashe gasar tanis ta Amurka har sau 7, ya fito da raket mai firam ɗin ƙarfe, aka kuma kafa kamfanin Dayton Steel Racquet a Jihar Ohio domin ƙera shi. Raket ɗin Dayton ya shahara da tsirkiyar siririyar waya mai ƙarfi, irin wadda ake sa wa kayan kiɗan fiyano. A cikin shekarun 1920 ɗin dai, wani kamfani a birnin Birmingham na Ingila ya fitar da raket mai suna Birmal, firam ɗinsa na alminiyom, tsirkiyarsa ta waya.

Abin da aka tallata shi ne ƙarko: raket ɗin ba ya karkacewa, ba ya buƙatar maƙalli, tsirkiyarsa kuma ba ta tsinkewa da wuri. Wannan ya yi wa makarantu da filayen wasa na jama'a daɗi, domin a irin waɗannan wurare raket ɗaya kan bi ta hannun mutane da yawa. Saboda wannan kasuwa ce kamfanin Dayton ya ci gaba da aiki har zuwa shekarun 1990, alhali manyan 'yan wasa ba su rungumi tsirkiyar waya ba.

Akwai wani raket da akan rikita shi da waɗannan, wato Wilson T2000 da ya fito a 1967, wanda René Lacoste na Faransa ya ƙirƙira, Jimmy Connors na Amurka kuma ya yi suna da shi. Firam ɗinsa na ƙarfe ne, an kuma naɗe shi da waya, amma aikin wayar shi ne riƙe tsirkiyar a jikin firam. Fuskar da ke bugun ƙwallo hanji ce ko nailan.

Dalilin da ya sa aka yi watsi da ita

Dalili na farko ya shafi ƙarfin bugu. Idan ƙwallo ta bugi raket, abubuwa biyu ne ke lotsawa: ƙwallon da kuma tsirkiyar. Ƙwallon tanis tana ɓarnar ƙarfi sosai. A gwajin da Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, ta tanada, ana sakin ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan daɓe mai tauri, kuma ana sa ran ta tashi tsakanin santimita 135 zuwa 147 kacal. Ke nan kusan rabin ƙarfin ya salwanta. Tsirkiya mai kyau kuwa tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ta karɓa. Don haka gwargwadon yadda tsirkiya ta miƙe ta ɗauke wa ƙwallo nauyin lotsawa, gwargwadon saurin da ƙwallon za ta fita da shi. Taurin ƙarfe ya ninka na nailan fiye da sau goma, saboda haka ba ya miƙewa yadda ake buƙata, sai ƙwallo ta sha duk matsin.

Dalili na biyu shi ne lafiyar hannu. Tsirkiya mai tauri tana gajarta lokacin haɗuwa, ta kuma tura girgizar bugu zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu da kafaɗa. Ciwon jijiyar gefen gwiwar hannu sananne ne a tsakanin masu wannan wasa, kuma masu horarwa kan shawarci mai fama da shi ya koma tsirkiya mai laushi, ya kuma sassauta ɗauri.

Dalili na uku shi ne ƙwallo. An lulluɓe ta da gashi na ulu da nailan, wanda ke rage mata gudu a iska ya kuma ba tsirkiya damar cafkar ta. Waya na aske wannan gashi cikin ɗan lokaci, ta bar ƙwallo da sanƙo. Kuɗin da aka adana a wajen tsirkiya sai ya zurare a wajen sayen ƙwallaye. Ga kuma tsatsa, wadda ke kama waya da zarar abin da aka shafe ta da shi ya goge, sannan bakin wayar da ta tsinke yana iya yanka hannu ko ya soki ido.

Abin da doka ta ce

Dokokin ITF ba su ambaci kayan da za a yi tsirkiya da su ba, don haka babu wata doka da ta haramta ƙarfe da suna. Abin da aka ƙayyade shi ne girma da tsarin saƙa. Tsawon raket ba zai wuce santimita 73.7 ba, faɗinsa kuma santimita 31.7. Fuskar bugu ba za ta wuce santimita 39.4 a tsaye da 29.2 a kwance ba. Dole tsirkiyoyin su sarƙu da juna a inda suka gitta, kuma kada tsakiyar saƙar ta fi sauran wurare faɗin ido.

Wannan ƙa'ida ta biyo bayan abin da ya faru a 1977, lokacin da saƙa mai hawa biyu ta wani Bajamushe, Werner Fischer, wadda ke sa ƙwallo juyawa fiye da ƙima, ta yi tashe. Da irin wannan raket ne Ilie Nastase na Romaniya ya kawo ƙarshen jerin nasarori 46 na Guillermo Vilas na Ajantina a birnin Aix-en-Provence. Nan da nan hukumar ta hana amfani da saƙar.

Waɗanda suka maye gurbin waya

Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙira a 1935, shi ne ya magance matsalar tsada da danshi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka samu Kevlar, zare mai matuƙar ƙarko da tauri, wanda Andre Agassi ya yi amfani da shi na tsawon lokaci. Babban sauyi ya zo ne a 1997, lokacin da Gustavo Kuerten na Burazil ya lashe gasar Roland Garros a Faransa da tsirkiyar foliyesta ta kamfanin Luxilon na Beljiyam. Foliyesta na da santsi, tana zamewa gefe ta dawo wurinta kafin ƙwallo ta bar raket, abin da ke ƙara wa ƙwallo juyawa. A yau akasarin ƙwararru da ita suke wasa, ko dai zalla kamar yadda Rafael Nadal ya yi, ko a gauraye da hanji kamar yadda Roger Federer ya yi.

Mai saye zai ga wasu tsirkiyoyi ɗauke da sunan alminiyom ko titaniyom a jikin fakiti. Waɗannan zaren roba ne da aka ɗan gauraya ko aka shafe da ƙarfen, ba waya ba ce.

Jos da tsayin ƙasa

Tanis ya shigo Najeriya ta hannun Turawan mulkin mallaka, inda aka kafa kulob ɗin Lagos Lawn Tennis a 1895. A Jos haƙar kuza ce ta tara Turawa tun farkon ƙarni na 20, musamman bayan da ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa garin a 1914. Su ne suka kafa wuraren shaƙatawa irin su filin golf na Rayfield a 1913 da kuma Plateau Club. Garin yana da tarihin sarrafa ƙarfe, tun daga masana'antar narka kuza ta Makeri har zuwa ta murza ƙarfe da Gwamnatin Tarayya ta kafa a farkon shekarun 1980 tare da takwarorinta na Katsina da Oshogbo. Sai dai rodi da wayar gini irin na waɗannan masana'antu sun sha bamban da siririyar wayar da aka taɓa sa wa raket, kuma ba su dace da wasa ba ko kaɗan.

Abin da ya bambanta Jos da sauran biranen ƙasar nan a fagen tanis shi ne tsayi. Garin yana kimanin mita 1,200 sama da teku, tsaunukan Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. A irin wannan tsayi kaurin iska ya ragu da kusan kashi 11 cikin 100 idan aka kwatanta da Legas. Sakamakon haka ƙwallo ta fi gudu, juyawar da ke danno ta ƙasa ta rage tasiri, sannan iskar da aka cusa a cikinta tana sa ta tsalle fiye da yadda aka saba. Bugun da zai sauka cikin layi a Legas yana iya wucewa a Jos.

ITF ta san da wannan matsala, shi ya sa ta amince da ƙwallo ta musamman ga filayen da suka haura mita 1,219, wadda tsallenta a gwaji yake tsakanin santimita 122 zuwa 135. Jos tana daidai bakin wannan iyaka, don haka ya kamata masu shirya gasa su tabbatar da tsayin filinsu kafin su zaɓi ƙwallo. A wurare masu tudu kamar Gstaad a Suwizalan da Bogota a Kolombiya, 'yan wasa kan ƙara ɗaurin tsirkiya kaɗan domin su mallaki ƙwallo. Haka ya dace ga ɗan wasan Kano ko Abuja da zai buga a Jos, shi kuma na Jos ya ɗan sassauta idan zai sauka zuwa ƙasa.

Yanayi ma na da nasa tasiri. Damina a Jos na farawa daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwan da ke kai kimanin milimita 1,400 a shekara, wanda ke cutar da hanji ya kuma sa ƙarfe tsatsa. A lokacin hunturu sanyin safiya na ƙara wa foliyesta tauri, zafin cikin mota da rana kuma na sa kowace tsirkiya saki.

Shawarwari ga masu horarwa da iyaye

Yawancin raket na zamani ana ɗaure su ne tsakanin kilo 22 zuwa 27, kuma kamfani kan rubuta adadin da ya dace a jikin firam. Kaurin tsirkiya yakan kama daga milimita 1.15 zuwa 1.40, siririya ta fi cafkar ƙwallo, mai kauri ta fi daɗewa.

Ga yara da masu koyo, nailan ko tsirkiya mai ƙananan zaruruwa da yawa ita ce ta fi dacewa, domin gaɓoɓinsu ba su yi ƙwarin da za su jure taurin foliyesta ba. Makarantar da ke neman ƙarko za ta iya zaɓar nailan mai kauri. Ɗan wasan da ke yawan tsinka tsirkiya zai iya gauraya foliyesta a tsaye da nailan a kwance. Kada a ɗaura wa raket na zamani waya, domin tana yanka robar da ke cikin ramukan firam, ta kai ga tsaga shi.

Tsirkiya tana mutuwa ko da ba ta tsinke ba, saboda ɗaurinta na raguwa kullum. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bayarwa ita ce, mutum ya sauya tsirkiya a shekara daidai yawan ranakun da yake wasa a mako. Mai wasa sau uku a mako ya sauya sau uku a shekara. Foliyesta tana buƙatar sauyi da wuri fiye da haka. Idan tsirkiya ɗaya ta tsinke, a yanke sauran nan take domin kada firam ya karkace, a kuma kai raket wurin mai injin ɗauri da ke auna kilo. Duk ɗan wasan da ya fara jin zafi a gwiwar hannu bayan sauya tsirkiya, ya dakatar da wasa ya ga likita kafin ciwon ya yi nisa.