Yadda Hujja Ta Rage Girman Yanka a Tiyatar Sankarar Mama

A shekarar 1894 wani likitan tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, William Halsted, ya wallafa bayanin aikin da yake yi wa matan da ke fama da sankarar mama. Yakan cire maman gaba ɗaya, ya haɗa da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa da kaluluwar hammata. A fahimtarsa, cutar tana rarrafe ne daga mama zuwa maƙwabtansa, saboda haka gwargwadon faɗin yanka, gwargwadon samun tsira. Aikin ya rage dawowar cutar a ƙirji, amma ya bar mata da ramin ƙirji, da kumburin hannu, da wahalar ɗaga kafaɗa. Duk da haka, shi ne aikin da aka saba yi har kusan shekara tamanin.

Bernard Fisher na Jami'ar Pittsburgh ya kalli lamarin ta wata fuska. Gwaje-gwajensa sun nuna masa cewa ƙwayoyin cutar kan bi jini tun da wuri, ta yadda ƙara faɗin yanka ba zai kamo abin da ya riga ya wuce ba. Ya san kuwa ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa, don haka ya nemi a gwada. Daga 1976 aka riƙa raba matan da ƙullutunsu bai wuce santimita 4 ba gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu a cire maman duka, wasu a cire ƙullutun kaɗai, wasu kuma a cire ƙullutun sannan a yi musu gashi da na'ura. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada likita ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya tura su ga aikin da yake so.

Sakamakon farko ya fito a 1985, na shekara ashirin kuma a 2002, bisa mata 1,851. Tsawon rai bai bambanta ba tsakanin rukunonin uku. Inda bambanci ya bayyana shi ne dawowar cutar a maman da aka bari: kusan kashi 14 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa gashi, kusan kashi 39 ga waɗanda ba a yi wa ba. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya bi mata 701, kuma shi ma bai ga bambancin tsawon rai ba tsakanin aikin Halsted da cire yankin mama tare da gashi.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin tsoron a yanke mama na daga cikin abubuwan da ke hana mata da yawa a ƙasar Hausa zuwa asibiti, har sai ƙullutu ya girma ya fashe. A lokacin nan zaɓi ya riga ya ƙuntata. Barin mama yana yiwuwa ne idan ƙullutun ƙarami ne, kuma mara lafiya za ta iya samun gashi na makonni, abin da asibitoci kaɗan ke yi a Najeriya da Nijar. Inda hakan ya gagara, cire maman magani ne ingantacce, kuma yanzu galibi ba a taɓa tsokar ƙirji.

Duk wadda ta ji ƙullutu a mamanta ta je a duba cikin makon nan. Idan aka yi maganar tiyata, ita da iyalinta su tambayi likita girman ƙullutun, da matakin da cutar ta kai, da ko za a iya barin maman, da inda za a yi gashi idan an bar shi.