Omar Sharif: Gwanin Karta Da Caca Ta Ci Wa Dukiya

Ku masu buga beloti a fada, da ku da kuka maida karta cikin salula kuna bugawa da mutanen da ba ku taɓa gani ba, yau ga tarihin wani babban gwanin karta.

An haifi Omar Sharif a Iskandariya ta Masar ranar 10 ga Afrilu 1932. Duniya ta san shi da fim, musamman Lawrence of Arabia a 1962 da Doctor Zhivago a 1965. Amma su ƴan karta, da wasan brij suka san shi. Brij ɗan'uwan beloti ne: mutum huɗu, biyu-biyu, sai dai karta 52 ake rabawa, kowa 13, alhali beloti 32 ce. Wasa ne na lissafi da riƙe abin da ya fita, da fahimtar abokin bugunka ba tare da ya yi magana ba.

A 1964 ya buga wa ƙasarsa a gasar duniya, a 1968 kuma shi ne kyaftin ɗin ƴan Masar. A 1967 ya haɗa wata tawaga da manyan gwanayen Italiya irin su Belladonna da Garozzo, suna yawo gari-gari suna buga brij gaban ƴan kallo. Ya yi shekaru yana rubutu kan brij a jarida. A 1992 aka fitar da wasan brij na kwamfuta da sunansa, tun kafin a buɗe Bridge Base Online a 2001, inda ake haɗuwa a intanet a buga.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutumin nan bai tsaya ga brij ba, ya shiga kazino da tseren dawaki, inda gwaninta ba ta da amfani. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya karɓi finafinan da bai so don kawai ya biya bashin caca. A 2003, bayan an cinye shi a kazinon Enghien-les-Bains kusa da Paris, ya gabza wa ɗan sanda kai. Kotu ta yanke masa wata ɗaya na je-ka-gyara-halinka da tarar Yuro 1500, kusan miliyan ɗaya na sefa.

Ya rasu a Alkahira ranar 10 ga Yuli 2015, yana da shekara 83.

Samari, ku duba da kyau. Wanda ya kai matakin gasar duniya a karta bai iya cin kazino ba, bare kai da ke zuba kuɗin cefane a salula cikin dare. Karta don nishaɗi da zumunci daban, in kuɗi ya hau tabarma kuma sunanta caca.

Allah ya jiƙan magabata, ya shirya mana matasa.