Daga Kifin Rum Zuwa Wayar Lantarki: Tarihin Yaƙi da Wani Ciwon Ƙeya

Tun kafin ɗan Adam ya san mene ne lantarki ya fara neman waraka da shi. Wajen shekara ta 47 Miladiyya, wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa in ciwon kai ya ƙi jin magani, a ɗora wa majiyyaci wani kifin teku mai jan mutum kamar minjirya, har wurin ya mutu murus. Amfanin abin ya gani, amma dalilinsa ya ɓoye masa.

Ƙarni goma sha takwas bayan haka, a 1891, Hans Chiari, masanin cututtuka ɗan Ostiriya da ke aiki a birnin Firag, ya bayyana wata tawayar halitta da ya gano wajen binciken gawawwaki. Ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke wajen ƙeya, yakan zarce ta kafar gindin ƙoƙon kai, inda laka ke fita, ya tare wa ruwan ƙwaƙwalwa hanya. Alamarta sananniya ita ce ciwon ƙeya mai tsananta yayin tari ko atishawa ko yunƙuri. Gane ta ga mai rai bai zama da sauƙi ba sai da na'urar hoton maganaɗisu ta yaɗu a shekarun 1980.

Maganin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne tiyata: a cire ɗan ƙashi a ƙeya domin ƙwaƙwalwa ta sarara. Da yawa sukan sami sauƙi, amma akwai waɗanda ciwon kan ci gaba da addabarsu bayan aikin.

A nan ne zare na biyu ya shigo. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa akwai wata ƙofa a cikin laka wadda saƙon zafi ke bi, kuma motsa manyan jijiyoyin taɓi na iya tura ta rufe. Wannan ne ya sa mutum kan murza inda ya bugu. A 1999 Richard Weiner da Kenneth Reed a Amurka suka ba da rahoton dasa siririyar waya ƙarƙashin fatar ƙeya, bisa jijiyar wurin, tana karɓar wuta kaɗan daga ɗan batir. Daga baya aka jarraba dabarar a kan masu tawayar Chiari.

Sai dai wajibi ne a auna magana. Wayar ba ta gyara tawayar, zafin kawai take dannewa. Takan goce daga mazauninta, wurin kan harbu da ƙwayoyin cuta, kuma shaidar amfaninta ga masu wannan lalura daga majiyyata ƙalilan ta fito. Saboda haka likitoci ba su kai hannu gare ta sai an tabbatar ruwan ƙwaƙwalwa na gudana yadda ya kamata, sauran magunguna kuwa sun gaza.