Essawira, Garin da Iska Ta Tsare

Duk wanda ya je bakin tekun Essawira, a gaɓar Atlantika ta ƙasar Maroko, da niyyar shimfiɗa tawul ya sha rana, yashi zai kore shi kafin la'asar. Iskar arewa takan kaɗa a nan ba sassauci, musamman a Yuli da Agusta. Masu morarta su ne 'yan wasan hawan igiyar ruwa, wasu a kan allo mai ƙyalle, wasu wata babbar laima na jansu, daga gaban garin har Sidi Kawki da ke kudu. Baƙi da dama na ganin iskar ce aibin garin. A ganina, ita ce ta tsare shi.

Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya gina garin a shekarun 1760, ya sa wani injiniya Bafaranshe, Théodore Cornut, ya tsara masa ganuwa da tituna a miƙe. Manufarsa ita ce ya karya tashar jiragen ruwa ta Agadir, ya tattara cinikin waje inda zai sa masa ido. Tsibirin Mogador da ke gaban garin ya tare haukan teku, jirage suka samu mafaka, ayarin raƙuma kuma suka riƙa sauke zinariya, gashin jimina da ƙaro, har aka laƙaba wa garin tashar Timbuktu. Ta hanyoyin Sahara aka kai bayi Maroko, kuma zuriyarsu ce ta raya kiɗan Gnawa, wanda ake wa biki a garin tun 1998.

Za a iya cewa talauci ne ya adana tsohon garin, ba iska ba. Akwai gaskiya a ciki: bayan 1912 Faransawa 'yan mulkin mallaka sun karkatar da ciniki zuwa Kasablanka, ya zama babu mai kuɗin rushe gini balle ya sake wani. Amma talauci ya yi gadi ne kawai har ranar da kuɗin yawon buɗe ido suka iso gaɓar. Da suka iso, Agadir, wadda aka sake ginawa bayan girgizar ƙasar 1960, ta kwashe manyan otal-otal, domin can ne baƙo zai kwanta a yashi lafiya. Essawira ta yi asarar wannan kasuwa, ba shakka, ta kuma tsira da ganuwarta, da igwoyin tagulla na sashen ganuwar da ake kira Skala, da masassaƙan itacen da ake kira thuya a ƙarƙashinsu. A 2001 UNESCO ta saka tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.