Abdu Mumuni Dioffo da Tarihin Neman Makamashi a Kwarin Kwara

Tarihin makamashi, wato duk abin da ɗan Adam ke samun zafi ko haske ko ƙarfin motsa inji daga gare shi, ya bi matakai sanannu a ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi, inda kogin Kwara ya ratsa, kuma garuruwa irin su Matsinkai da Illo da Lolo da Tsamiya suke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin. Tun kafin zuwan Turawa, itace da karan dawa ne abin girki, man kaɗe da man gyaɗa kuwa su ake zubawa a fitilar aci-balbal. Kananzir ya shigo a zamanin mulkin mallaka, sannan fetur ya biyo baya tare da mota da babur da injin kwalekwale da injin ban-ruwa. Da yake a baya gwamnatin Najeriya ta daɗe tana biyan tallafin mai, har farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na maƙwabta, sai tsallaka iyaka da jarkoki ya zama sana'ar da gidaje da yawa suka dogara da ita, tun daga 'yan bumburutu na bakin hanya har zuwa manyan dillalai.

Tun wannan sana'a ba ta kankama ba, wani masanin kimiyya haifaffen ƙasar Hausa ya riga ya yi tambayar da ta dace, wato dalilin da zai sa ƙasashen da rana ta fi gasawa su dogara da dajin da ke ƙarewa da man da ake saye daga nesa. An haifi Abdu Mumuni Dioffo a Tasawa, cikin yankin Maraɗi, a shekarar 1929, ko da yake asalin gidansu daga Kirtachi ne, a bakin wannan kogi na Kwara a kudancin Yamai. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulka a lokacin, sannan ya wuce Faris ya karanci fiziks, ilmin da ke bayyana dokokin haske da zafi da motsi ta hanyar lissafi da gwaji. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani wadda Faransa ke zaɓen ƙwararrun malamai da ita, aka kuma lissafa shi a matsayin baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a wannan fanni. Ya koyar a Dakar da Konakiri, kuma yana cikin matasan da suka fito fili suka nemi 'yancin kai, abin da ya bayyana a littafinsa na 1964 game da ilmi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunan gida.

Juyin rayuwarsa ya zo ne a farkon shekarun 1960, lokacin da ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike kan makamashin rana, ya dawo ya kafa ɗakin gwaje-gwaje a Bamako a 1964, ya kuma sami babban digirin dakta daga Faransa a 1967. Tushen aikin nasa lissafi ne mai sauƙin faɗa, amma mai wuyar sarrafawa. Idan rana ta take tsaka kuma gari ya yi wasai, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana karɓar kimanin kilowat 1 na ƙarfi, sai dai wannan ƙarfi a warwatse yake, kuma tara shi wuri guda shi ne matsalar. Hanya ta farko ita ce a shimfiɗa baƙin faranti na ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, domin gilashi yana barin haske ya shiga amma yana hana yawancin zafin fita, sai ruwan da ke bin bututun da aka manna wa farantin ya yi zafi. Hanya ta biyu ita ce a ƙera madubi mai zurfi kamar ƙwarya, wanda ke mayar da duk hasken da ya faɗo masa zuwa cibiya guda, inda zafi ke kai matuƙar da zai dafa abinci ko ya tafasa ruwa ya ba da tururin juya inji. Yadda ƙarfin haske ke rarrabuwa a wannan cibiya yana cikin abin da Mumuni ya yi wa nazari na lissafi da na gwaji.

Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, kuma a cikin wannan tsakani ya riƙe shugabancin Jami'ar Yamai daga 1979. Zamanin ya gaskata shi, domin farin da ya kai ƙololuwa a 1973 ya kashe dabbobi da itatuwa a faɗin Sahel, kuma a shekarar ce farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Hukumar ta ƙera tankunan ɗumama ruwa, da murhun rana, da na'urar busar da amfanin gona, da na'urar tace ruwa ta hanyar tururi, kuma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne a Yamai aka yi su, da hannun ma'aikatan ƙasar. Wannan shi ne matsayin da ya bambanta shi da masu ganin cewa aikin Afirka shi ne sayen abin da wasu suka ƙera.

A ɓangaren Najeriya, gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato a farkon shekarun 1980, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya taɓa shugabanta kafin ya jagoranci Hukumar Makamashi ta Ƙasa, kuma ta yi gwaje-gwaje kan murhu mai tattalin itace da iskar gas ta kashin shanu da wutar sola a ƙauye. Amma arhar fetur ta danne wannan ƙoƙari, tun da manomin da ke samun mai a sauƙaƙe ba shi da dalilin neman wani abu. Mumuni ya rasu a Yamai a watan Afrilun 1991, 'yan watanni kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Abubuwan da suka faru daga baya sun nuna raunin dogaro da mai a bakin iyaka. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, hukuncin da ya faɗa kan mai fasa-ƙwauri da manomin shinkafa baki ɗaya. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, noman rani a fadamun Kebbi ya yi tsada, manoma da dama suka fara komawa ga injin ban-ruwa mai aiki da sola. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yulin wannan shekara kuma, Najeriya ta yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, sai birnin da Mumuni ya yi wa aiki ya shiga duhu.

Sai dai faifan sola da ke shiga ƙauyukan Bagudo a yau ba fasahar zafi ba ce irin ta Mumuni, domin faifan yana mayar da haske lantarki ne kai tsaye, kuma yawancinsa daga ƙasar Sin ake shigo da shi, tare da baturi da inji. Sauƙin da ya kawo wa asibiti da rijiyar burtsatse da gona ba abin musu ba ne, amma busar da shinkafa da kifi da tumatir, da girkin da har yanzu ke cin daji, buƙatu ne na zafi waɗanda maƙeri da mai walda na gida za su iya biya idan aka ba su zane mai inganci. Wannan aiki yana kan cibiyar Sakkwato da jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi, kuma ya kamata gwamnatin jiha ta ware musu kuɗin yin sa.