Siyasa da Zumunci: Abin da Tarihin Dutse Ya Koya Mana

Kalmar siyasa aro ce daga Larabci, kuma a bakin kakanninmu ma'anarta ita ce iya zama da mutane. Idan aka ce wane ya yi maka siyasa, ana nufin ya bi da kai a hankali, ko ya yi maka rangwame a ciniki. Zuwan jam'iyyu ne ya sauya wa kalmar kamanni.

Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, hamayyarta da NPC ta shiga gundumomin ƙasar Kano, har da Dutse da Birnin Kudu, ta raba kan 'yan uwa. Haka aka sake gani a jamhuriya ta biyu, lokacin da PRP ta dare gida biyu: 'yan taɓo suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi suka bi Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. A 1981 gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro sababbin masarautu, ciki har da Dutse. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke su. Darajar gari ta zama abin da jam'iyya ke bayarwa, wata ta karɓe.

Abin da ya ɗore shi ne wanda aka nema da murya ɗaya. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Masarautun Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse kowacce na da tarihinta da buƙatunta, amma zama wuri ɗaya ya tilasta musu sauraron juna. A 2008 kuma, zamanin Gwamna Sule Lamido, an yi Taron Talakawa a Dutse, inda masu ƙaramin ƙarfi suka faɗi kukansu da bakinsu a gaban shugabanni.

Ya ku 'yan uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, darasin a fili yake. NEPU da NPC sun shuɗe, amma jikokin magoya bayansu na haɗuwa a masallaci ɗaya, suna cin kasuwar Shuwarin tare. Gaskiya ɗaci gare ta, shi ya sa ake faɗinta da siyasa irin ta kakanni: a gaban mutum, cikin mutunci, ba a bayan idonsa ba. Kada zaɓen shekara huɗu ya yanke zumuncin da muka gada. Allah Ya haɗa kanmu, Ya ɗaukaka Dutse Gadawur, amin.